Hutu da Toye-toye a Ƙasar Gafasa

Gafasa na ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ajingi, a gabashin jihar Kano, ƙasar da ta daɗe tana cuɗanya da Gaya ta fuskar kasuwa da auratayya, yanzu ma tana ƙarƙashin masarautar Gaya. Ƙidayar 2006 ta nuna Ajingi na da mutum fiye da 170,000, kuma kusan kowane gida da gona ya dogara, ko da garke, ko duka biyun. Gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi ake nomawa a tudu, masu fadama su ƙara da shinkafa da kayan lambu. A irin wannan ƙasa ba mutum ke zaɓar ranar hutunsa ba, gona ce ke sallamarsa. In ta sallame shi kuma, wajen danginsa yake nufa, ba ya kuma zuwa hannu rabbana. Shi ya sa ba a raba zancen hutu da zancen tanda da kasko a wannan yanki.

A birnin Kano da Abuja masu hali sun saba da wani irin hutu na daban. A yanki tikitin jirgi a tafi Dubai, ko tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ko tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya, a kama ɗaki a bakin ruwa, a yi mako guda ana kallon teku da itatuwan kwakwa, a biya a dawo. Kafin wannan yayin, a shekarun 1970 da 1980, otal ɗin Bagauda da na Tiga ne wurin shan iskar manyan ma'aikata da attajiran Kano. Wanda Allah ya hore wa, ba laifi ya je. Sai dai abin da yake biya da kuɗinsa a can, wato a ɗauke masa girki da shara da tunanin gobe na 'yan kwanaki, shi ne matar Gafasa take samu a ɗakin mahaifiyarta, da ƙarin abin da otal ba ya sayarwa: mutanen da suka san ta tun tana rarrafe.

Daga saukar ruwan shuka har a yanke gero, babu mai motsawa sai da dalili mai ƙarfi, kamar rasuwa ko rashin lafiya. Ana gama noman farko maimai ya taso, ana gama maimai ga cirar gyaɗa da roron wake. Sai an ɗaure dawa an kai rumbu, sanyin hunturu ya fara busowa, sannan gari yake numfasawa. A lokacin ne ake sa ranakun aure, saboda akwai hatsi a rumbu, akwai kuɗin gyaɗa da riɗi a aljihu, hanya kuma ta bushe.

Hutun maza ba ya da nisa. Dattijai su baje tabarma a ƙofar gida ko gindin darbejiya, ana hira ana tufkar igiya ko gyaran danga. Samari su yi dandali da dare, in an ji kalangu a wani ƙauye an sa dambe ko kokawa, a hau babur a tafi. Ranar Juma'a wasu su nufi kasuwar Wudil, ko ba su da saniyar sayarwa, don su ga kara su ji farashi su gana da abokai. Da rani ya yi nisa a fita farauta da karnuka, a kuma yi su a tafkunan da suka janye. Kogin Wudil, wanda yake gangarawa ta Ringim zuwa Haɗeja, in ruwansa ya ja baya yakan bar tsibiran yashi a tsakiya, yara su yi iyo su haye, masunta su shanya komarsu a kai. Wannan kogin dai shi ne yake cinye gonaki in ya yi ambaliya da damina, don haka mutanen bakinsa suna jin daɗinsa suna kuma tsoronsa.

Kada a haɗa wannan da cin rani. Saurayin da ya ɗauki jaka ya tafi Kano ko Legas ko Fatakwal ya yi ga-ruwa ko acaɓa ko gadi, neman kuɗin taki da na aure ya tafi. Hutun jaki ne da kaya a ka. Nasa hutun sai ya dawo, a 'yan makonnin da ke tsakanin isowarsa da sharar gona.

Mata su ne masu tafiya ta sosai, kuma kowace tafiya da sunanta da ƙa'idarta. Amarya takan yi watanni a ɗakinta, wani gidan ma sai ta shekara, kafin a ba ta izinin ganin gida. Ranar da za ta je, kitso da lalle sabbi ne, da rakiyar ƙanwar miji ko wata dattijuwa. Haihuwar fari kuwa, gidaje da yawa, musamman na Fulani, gida ake mayar da yarinya goyon ciki, wasu kuma sai bayan suna take tafiya wanka. Kwana arba'in ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta hura wuta. Uwa ko goggo ce ke dafa ruwan wanka safe da yamma, a dama mata kunun kanwa, a gasa mata nama da yaji. A nan akwai abin lura. Tun binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ake gargaɗi cewa yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta suna taɓa zuciyar mai jego. Hutun kansa alheri ne babba, ya kamata a riƙe shi. Kanwar da zafin ne ke son a sassauta.

In ta yi arba'in sai yawon arba'in: a goya jariri a zaga dangin uwa da na uba, gida gida, ƙauye ƙauye. Da yake an yanke jihar Jigawa daga Kano a 1991, kuma Ajingi a bakin iyaka take, sau da yawa wannan yawo yakan tsallaka zuwa ƙasar Dutse ko Ringim ko Jahun, ba tare da kowa ya ji ya bar gida ba. Zumunta a ƙafa take, ba ruwanta da layin gwamnati.

Ana yin sallama za ka ji tsakar gida ta ɗauka: “Lale marhabin da mutanen Gafasa! Kun sha hanya.” A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da fura. Baƙuwa ta durƙusa ta ce, “Inna, mun same ku lafiya? Goggo tana gaishe ki, ta ce ga wannan ba yawa.” Inna ta buɗe kwano ta ce, “Haba, har da wahala haka? Allah ya bar zumunci.” Abin da ke cikin wannan kwano, an yi kwana biyu ko uku ana aikinsa.

Alkaki shi ne sarkin kayan. Alkama ake ɓarzawa, ba a niƙe ta luƙui ba, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta kwana. Washegari a sa ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, a yi ta murzawa har ta yi danƙo, sannan a mulmula a naɗe ta a hannu. Naɗin nan shi ne gwaninta, don da gani ake gane hannun da ya ƙware. A soya a wuta marar ƙarfi har cikinsa ya soyu, a tsamo shi da zafinsa a tsoma a zuma, ko a sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami don kada ya daskare. Alkakin da ya yi kyau, waje ƙaras-ƙaras, ciki kuma ya sha zaƙi har tsakiya. Wanda aka yi wa gaggawa, ko ya watse a mai ko ya yi tauri ya gagari haƙorin tsohuwa, kuma za a daɗe ana tuna gidan da ya fito.

Nakiya aikin turmi ce. A jiƙa shinkafa, a tsane ta, a daka, a tankaɗe, a soya garin a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan a mayar turmi a kirɓa da sukari ko zuma, da man shanu ko man gyaɗa, da citta da masoro da kimba da kanumfari. Kanumfarin nan shi ne amfanin gonar da ya ɗaukaka sunan tsibiran Zanzibar da Pemba a kasuwannin duniya tun ƙarni na 19, ga shi kuma ba a cika nakiya ko fura a ƙauyukan Gaya sai da shi. Mata uku ko huɗu ne ke karɓa-karɓa a taɓarya, ana lugude ana hira. Nakiyar da ta kirɓu takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ta dace da tafiya, kuma amarya takan ɓoye tata a ƙasan kwalla ta riƙa gutsura wa baƙi. Dubulan da cincin na fulawa ne, sun fi sauƙi, su ake ƙarawa don kaya su yi auki.

Waina kuwa ba ta jiran biki, ko da yake ba a biki ko salla sai da ita. Ana yin ta shinkafa, ana yin ta gero ko ta masara. A jiƙa, a kai inji, a haɗa ƙullun da ɗan dafaffen tsaki ko shinkafa, a sa yis ko a bar shi ya tashi da kansa, da asuba a yanka albasa a ciki. Tanda ta ƙasa, wadda maginan tukwane ke ginawa da gurabe, ita tsofaffi suka fi yarda da ita, don tana riƙe zafi daidai, ba ta ƙona baya ta bar ciki ɗanye. Ta ƙarfe ta shigo, ta fi ƙarko, amma sai mai suya ta iya wuta. Karan dawa ake turawa a hankali, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu, gefe na yin ja a juya. Da miyar taushe ake ci, ko da ƙuli-ƙuli, yara kuma da sukari. Funkasau na alkama shi ma da taushe yake tafiya, shi ake yi wa suruki ko baƙon da ake jin nauyinsa.

Gashi na sosai, wanda ba mai a ciki, gurasa ce. Asalinta 'yar birni ce, ana danganta zuwanta Kano da Larabawan da suka yi fatauci ta hamada. Tanderu ake zafafawa da kara har cikinsa ya yi jawur, a fasalta ƙullun da hannu a manna a jikin tukunyar, ya gasu a ɓamɓaro. Mai dawowa daga Kano ko Wudil ba ya rasa ta a cikin tsarabarsa, a gida a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe. Alkama kuwa da hunturu ake noma ta, a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da kuma fadamun Jigawa.

'Yan matan yanzu sun zo da nasu. Wadda ta yi makarantar kwana, ko ta zauna wajen yayarta a birni, ko ta gani a waya, takan dawo da kek da mitfai, wato fulawar da ake murzawa da bota, a cusa mata niƙaƙƙen nama da dankalin Turawa, a manne baki a gasa. Rashin wutar lantarki bai hana su ba. Yashi ko tsakuwa suke zubawa a gindin babbar tukunya, su ɗora faranti a kai, su rufe, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Yana gasuwa sarai, har wasu sun mayar da shi sana'a, ana ba su aikin biki da suna. Na yaba da wannan ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne a samu yarinyar da ta iya mitfai amma ba ta taɓa naɗa alkaki ba, alhali kakarta da ta iya tana zaune a ɗaki ɗaya da ita. Mitfai na kwana biyu ya lalace, ba zai yi tafiyar ganin gida ba.

Inda al'adar ta yi nauyi shi ne gara. Bayan an kai amarya, da kuma bayan haihuwar fari, iyayen mace ne ke haɗa buhunan hatsi da mai da fantekun alkaki da nakiya da dubulan a kai gidan miji, a rarraba wa danginsa. Asali kyauta ce ta ƙauna, don yarinya ta shiga gidan mutane da mutuncinta. Amma da fulawa da sukari da mai suka yi tsada, aka kuma mayar da abin gasa, sai ga uba yana sayar da akuya ko yana jinginar da gona don kada a goranta wa 'yarsa. Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa ciyarwa a kan miji take, ba a kan surukai ba, kuma gaskiya suka faɗa. Kwano biyu da aka yi da daɗin rai sun wadatar. Abin da bai kamata a rasa ba shi ne taron suyar kansa, inda maƙwabta da 'yan'uwa ke haɗuwa tun hantsi, wannan na murzawa, wannan na naɗi, wannan na bakin kasko, yara na zagaye suna jiran wanda ya karye. A wurin ne ƙanana ke koyo, ba wanda ya zaunar da su ya ce yau darasi za a yi.

'Yan asalin Gafasa da Toranke da Balare da sauran garuruwan Ajingi da Gaya da aiki ya zaunar a birane, hutun makaranta na watan Disamba yana faɗowa daidai lokacin da aka gama kaka, ana tsakiyar bukukuwa. Ku kawo yaranku gida su yi ko mako guda ne, ku bar 'yan matan su zauna kusa da masu naɗin alkaki tun tsofaffin da suka iya suna da ƙarfin hannu.