Baƙin Mai Yana Ɗiga Daga Salansar Ƙaramin Inji: Ina Laifin Yake?

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muke yi wurin ƙungiyoyi akwai wata tambaya da ta yi ta komowa. Ƙungiya ta yi karo-karo ta sayi injin feshi na goyo, mai aiki da fetur. Ya yi 'yan makonni yana aiki lafiya, sai a ga wani baƙin abu mai danƙo yana ɗiga daga bakin salansa, yana ɓata rigar mai goyon. Masu kula da lambun makaranta ko na asibiti, waɗanda ke da ɗan injin nan mai hura iska don share busassun ganyaye, su ma kukansu ke nan. Injunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Fanka ce ƙaramin inji ke juyawa, na feshin dai an ƙara masa tankin magani ne kawai. Abin da za mu faɗa ya shafe su duka, har da ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa mai.

Da fari dai a kwantar da hankali, inji bai fashe ba. Yawancin waɗannan injuna ba su da ma'ajin baƙin mai a cikinsu kamar na mota. Irin da ake gauraya musu baƙin mai cikin fetur ne, watau masu shan man 2T. Fetur yana ɗauke da man ya bi ta cikin inji, man ya shafi fistin da sauran ƙarafa, sa'an nan su shiga silinda su ƙone tare, hayaƙin ya fita ta salansa. To, duk man da bai ƙone ba, hanyar fitarsa ita ce salansar. Can yake haɗuwa da kunkunniya ya zama baƙin danƙon da kuke gani. Ashe ba yoyo ba ne. Mai ne da ya shiga ya fito bai ƙone ba, aikinmu kuwa shi ne mu gano abin da ya hana shi ƙonewa.

Ga kashedi tun ba mu yi nisa ba. Mun taɓa iske wata ƙungiya da mai kula da injinsu ya ga mai yana ɗiga, ya ce ai mai ne ya yi yawa, sai ya daina sawa gaba ɗaya. Ɗigar ta tsaya, gaskiya ne. Amma kafin su gama feshin gonar wake ɗaya fistin ya kama, inji ya tsaya cik, igiya ma ta ƙi jawuwa. Wake yana fure a lokacin, kwari kuwa ba su jira a dawo daga wurin makaniki ba. Mai da ya ɗan yi yawa ƙazanta yake kawowa, amma rashin mai kashe inji yake yi cikin 'yan mintoci.

Awon mai

A nan ne laifi ya fi yawa. Da yawa cikinmu da ido muke zubawa, ko da murfin kwalba, mu kuma ƙara kaɗan "domin inji ya ji daɗi". Wani lokaci ma mutum biyu ne ke zubawa a jarka ɗaya, kowa yana tsammani ɗan'uwansa bai sa ba.

A duba littafin inji, ko jikin tanki, ko murfinsa. Za a ga lamba kamar 50:1, ko 40:1, ko 25:1. Ma'anar 50:1 ita ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. A lita ɗaya ta fetur ke nan mililita 20 na mai, a galan mai lita 4 mililita 80, a lita 5 kuwa mililita 100. In 40:1 ne, mililita 25 ne a lita. In 25:1 ne, wanda tsofaffin injuna da waɗansu masu araha ke bukata, mililita 40 ne a lita. Ku lura, na 25:1 ninkin na 50:1 ne. Wanda ya saba da tsohon inji ya zo ya yi wa sabo irin awon da ya saba, ya ba shi mai ninki biyu ke nan, tilas salansa ta yi amai.

Abin awo mafi sauƙi shi ne sabon sirinji mai mililita 20, wanda ake samu a kemis. Cikinsa ɗaya, lita ɗaya, ga mai 50:1. A ɗaure shi da igiya a jikin jarkar, kada kuma a yi wani aiki da shi. A gauraya a cikin jarka, ba a cikin tankin inji ba: a zuba man, a zuba fetur rabi, a girgiza, a cika, a sake girgizawa. Shawararmu ga ƙungiya ita ce mutum ɗaya tak ya riƙa gaurayawa, a kuma rubuta awon da fenti a jikin jarkar.

Irin man ma yana da magana. Baƙin mai na mota ba a yi shi domin ya ƙone ba. In aka sa shi, sai ya bar toka da danƙo. Wanda aka juye daga mota kuwa, kada ma a kusantar da shi. A nemi wanda aka rubuta 2T a jikinsa, na injin da iska ke sanyayawa, in an sami mai alamar JASO FC ko FD ya fi ƙarancin hayaƙi. Kada kuma gaurayen ya wuce wata guda a ajiye, gama a zafin ƙasarmu fetur yana tsiyayewa ya bi iska ya bar man, abin da ya rage cikin tanki sai ya fi kauri.

In awo daidai ne amma ɗiga ba ta daina ba

To, sai a dubi iska. Wuta ba ta ci sai da iska. A bayan kafireta akwai ɗan soso ko takarda mai tace ƙura. In ya toshe, inji yana jan mai da yawa da iska kaɗan. A lokacin hunturu, ko in ana aiki a busasshiyar ƙasa, kwana kaɗan ya isa ya toshe shi. In soso ne, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. In takarda ce a kakkaɓe ta a hankali, in ta jiƙe da mai a sake sabuwa.

Cok ma haka yake yi, domin aikinsa shi ne tare iska lokacin tayar da inji mai sanyi. Da inji ya tashi a buɗe shi duka. Mun sha ganin ana aiki da cok rabi a rufe.

Akwai wani dalili kuma da mutane ba su cika yarda da shi ba. Waɗannan injuna an yi su ne su yi aiki da cikakken totur. Mai tausayin inji, wanda ke lallaɓa shi a hankali ko ya bar shi yana sulo yana hira, ba ya barin salansa ta yi zafin da za ta ƙone ragowar mai. Sai man ya taru a ciki. Sau da yawa in aka gyara awo, aka wanke soso, aka yi aiki da cikakken totur na kamar minti 15, za a ga hayaƙi ya yi yawa da farko, daga baya ya ragu, ɗigar kuma ta tafi.

Fulogi zai ba ku shaida. A bar inji ya huce, a kwance shi a duba bakinsa. In ruwan ƙasa ne, a bushe, komi daidai. In baƙi ne jiƙe da mai, mai ya fi iska yawa. In ya yi fari fat, wannan ya fi hatsari, domin inji yana zafi fiye da kima, kada a ci gaba da aiki da shi.

A bakin salansa na injuna da yawa akwai 'yar ragar ƙarfe mai tare tartsatsin wuta. Danƙon nan yana liƙe ta, sai inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa shaƙewa in an ja totur. A cire ta bayan inji ya huce, a goge da buroshin waya, ko a kama ta da filaya a ƙona ta a wuta nesa da fetur. Kada a yar da ita, musamman ga mai aiki cikin busasshiyar ciyawa da kara. In an kwance salansar duka, za a ga ramin da hayaƙi ke fita daga silinda. A ja igiya a hankali har fistin ya rufe ramin, sa'an nan a kankare dattin da tsinken itace. Ƙarfe yana yi wa fistin zane. Duk gwajin inji kuma a waje za a yi shi, hayaƙinsa cikin rufaffen ɗaki yana kisa.

Ƙananan sukurorin nan biyu na jikin kafireta, masu alamar H da L, su ma suna iya sa mai ya yi yawa. Amma roƙonmu shi ne a bar wa makaniki su. Ɗan juyi kaɗan zuwa ciki yana rage man da ke shiga, inji ya yi ƙara mai daɗin ji, alhali kuwa yana ƙonewa ne.

Saura masu injin da ba a gauraya masa mai, watau wanda ke da murfin zuba baƙin mai dabam, kamar yawancin injunan ban ruwa da waɗansu masu hura ganye. Nasu lissafin dabam ne. In mai ya fito ta salansa, galibi an cika shi ya wuce alama ne, ko an kwantar da injin ta gefe a kan babur ko amalanke har man ya gangara inda bai kamata ba. Ƙananan irin Honda GX25 da GX35 mililita 80 da 100 kaɗai suke sha, ƙari kaɗan ya isa ya kawo matsala. A ajiye inji a wuri mai daidai, a rage man zuwa alama, a duba soso ko ya jiƙe, a tayar a bar shi ya ƙone abin da ya shiga salansa. In bayan haka shuɗin hayaƙi bai daina ba, man kuma yana raguwa kullum, ringin fistin ne suka ci. Wannan aikin makaniki ne, ya kamata ma'ajin ƙungiya ya ware kuɗinsa tun da rani, kafin lokacin feshi ya zo.