Makaɗan Noma

A ƙasar Ɗambatta da Bichi, arewa da birnin Kano, gonaki a haɗe suke, kusan babu daji a tsakaninsu. Idan damina ta sauka aka yi shuka, sai ciyawa ta taso tare da gero da dawa. Wanda ya makara da noman firi, ciyawa za ta danne masa shuka, iyalinsa su sha wuya a shekarar.

Saboda haka a da mai gona yakan kira gayya. Yakan raba goro, matan gida su dama fura, sa'an nan ya gayyaci makaɗa. Babban makaɗi shi ke rataya gangar noma, watau wata babbar ganga mai baki biyu wadda ake jin amonta daga nesa. Yaransa suna biye da shi da ƙananan ganguna, wasu kuma suna amshi.

Samari sukan jeru, kowa da kunyarsa. Da an buga ganga sai fartanya ta sauka gaba ɗaya. Kowane gwanin manomi yana da takensa. In ya ji an kaɗa masa, sai ya ɗaga fartanya ya yi kirari, ya duƙa ya wuce tsara. Wanda aka bari a baya kuwa, makaɗa su yi masa zambo. Ta haka aikin kwanaki yakan ƙare kafin la'asar.

Ba Hausawa kaɗai ke haɗa kiɗa da taimakon juna ba. Can a Amurka ta Kudu, a duwatsun Andis na ƙasashen Peru da Bolibiya, manoma suna da tasu gayya. Suna kuma da wata sarewa ta kara mai suna siku, wadda akan raba gida biyu. Wannan ya riƙe rabi, wancan ya riƙe rabi, suna busa bi da bi, gangarsu tana tashi. Idan ɗaya ya yi shiru, waƙar ba ta cika.

Yanzu gayya ta ragu a ƙasar Kano, domin garmar shanu da 'yan ƙwadago sun karɓe yawancin aikin. Makaɗan noma ma sun yi ƙaranci. Amma dattawa ba su manta da abin da gangar ta koya musu ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.