Afirka ta Kudu: Yadda ƙarancin ruwa ya kawo cikas ga tace hayaƙin tashar Medupi

A kusa da garin Lephalale da ke lardin Limpopo, tashar wutar lantarki ta Medupi mai ƙarfin kusan megawat 4,800 na cikin manyan tashoshin da ke ƙona gawayin kwal a duniya. Kamfanin lantarki na gwamnati, Eskom, ya gina ta a yankin da kwal ya wadata amma ruwa ya yi ƙaranci, kuma wannan ne ya jefa hukumomi cikin tsaka mai wuya.

Tashar kwal tana tafasa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya injin, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa. A tsofaffin tashoshi ruwa ne ke wannan sanyayawa, inda kowane kilowat ɗaya na awa guda ke cin kusan lita 2. Saboda haka aka tsara Medupi ta riƙa sanyaya tururinta da iska ta hanyar manyan fankoki, abin da ya rage yawan ruwan da take sha sosai.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne hayaƙi. Kwal na ɗauke da farar wuta, wadda idan ta ƙone take zama iska mai guba da ke tayar da asma da sauran cututtukan huhu. Na'urar da ke tace ta tana fesa wa hayaƙin ruwan da aka dama da garin farar ƙasa, ta kama fiye da kashi 90 cikin 100 na gubar. Ke nan tsaftace iska na buƙatar ruwan da aka yi ta ƙoƙarin tattalawa.

Alƙawarin da ya sha ɗagewa

A shekarar 2010 Bankin Duniya ya amince da bai wa Eskom rancen dala biliyan 3.75, mafi yawansa domin Medupi, bisa sharaɗin a saka na'urar tace hayaƙin cikin shekara shida bayan kowane sashe ya fara aiki. Sashe na farko ya fara cikakken aiki a 2015, na ƙarshe kuma a 2021, amma wa'adin saka na'urar ya yi ta ɗagewa.

Madatsar ruwa ta Mokolo da tashar ta dogara da ita tana kuma shayar da mutanen Lephalale da manoma da tashar Matimba da ke maƙwabtaka. Don haka gwamnati ta tsara janyo ƙarin ruwa ta bututu daga Kogin Crocodile, aikin da shi ma ya gamu da jinkiri.

Kotu ta shiga tsakani

A watan Maris na 2022 Babbar Kotun Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatar iska a yankin Highveld, inda mafi yawan tashoshin Eskom suke, ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba 'yan ƙasa na zama a muhallin da ba zai cutar da lafiyarsu ba. Ƙungiyoyin groundWork da Vukani ne suka shigar da ƙarar.

Duk da haka, a Maris na 2025 ministan muhalli na lokacin, Dion George, ya sassauta wa tashoshi takwas, har da Medupi, wasu ƙa'idojin hayaƙi bisa sharuɗɗa. Hujjar ita ce kwal ne ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar ƙasar, kuma rufe tashoshin zai dawo da ɗauke wuta.

Ga mazauna Lephalale kuwa, iskar da za su shaƙa ta rataya ne kan ranar da ruwan bututun zai iso.