Matasan da ba karatu, ba sana'a, ba aikin yi: abin da ya kamata ku sani game da tallafa musu a kudancin Kano

A garuruwan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka ratsa tasha ko bakin kasuwa da hantsi ba ka tarar da samari 'yan shekara 14 zuwa 19 a majalisa ba. Ba sa zuwa makaranta, ba su da ubangidan da ke koya musu sana'a, ba su da wani aiki tsayayye. Jama'a kan ce zaman kashe wando suke yi, a wuce. Takwarorinsu mata ma suna nan da yawa, sai dai su suna cikin gida ko suna yawon talla, shi ya sa ba a lissafa su. Ga bayani kan yadda yaro ke faɗawa wannan hali, da abin da mutanen gari za su iya yi da kansu.

Yaya girman matsalar yake?

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane matasa biyar a duniya, masu shekara 15 zuwa 24, ba ya karatu, ba ya aiki, ba ya koyon sana'a, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. A Najeriya, UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, yayin da ƙiyasin UNESCO na 2022, wanda ya haɗa da 'yan shekarun sakandare, ya kai kusan miliyan 20.

Ba rashin doka ba ne ya jawo haka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Sai dai doka ba ta san sunan yaron da ya daina zuwa aji ba. Maƙwabcinsa da malaminsa da mai unguwarsu ne suka sani.

A ina yaro ke zamewa?

Yawanci ba rana ɗaya yaro ke barin makaranta ba. Akwai mararraba sanannu. Ta farko ita ce bayan aji shida na firamare, idan ƙaramar sakandare tana wani gari mai nisa, babu keke, babu kuɗin mota. Ta biyu ita ce damina. Wannan yanki ne mai albarkar ruwa, ana noma masara da shinkafa sosai, don haka yaro kan bar aji ya tafi shuka da noma da girbi, a gonar gida ko ƙwadago. Kafin ya dawo an yi masa nisa, kunya ta hana shi komawa. Ta uku ita ce jarrabawar tantancewa ta aji biyu na babbar sakandare, wadda da ita gwamnatin Kano ke zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Wanda bai ci ba, iyayensa kuma ba su da hali, sau da yawa nan karatunsa ke tsayawa.

Akwai kuma almajirin da ya dawo gida ya yi nisa a karatun allo amma babu sana'a a hannunsa. Akwai 'ya'yan makiyaya na dajin Ɗansoshiya, inda gwamnatin Ganduje ta kafa ruga, waɗanda kiwo ke cinye musu yini. A Riruwai ta Doguwa, ramin haƙar kuza na jan yara da kuɗin yau-yau. Wasu kuwa da zarar an gama girbi sai su hau mota a Kwanar Dangora su tafi cin rani Kano ko Kaduna ko Abuja.

Me ke jiran wanda aka ƙyale?

Yaron da babu mai tambayar inda ya yini, akwai masu nemansa: dillalin ƙwaya da ɗan siyasar da ke neman 'yan jagaliya. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya yi ƙamari. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Cibiyar gyaran tarbiyya ta jihar tana nan a Kiru, amma duk wanda aka kai can an riga an makara da shi shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mene ne aikin raya matasa na al'umma?

Aiki ne da mutanen gari ke yi wa 'ya'yansu ba tare da jiran kwangila daga sama ba. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da akwai sarkin samari, akwai aikin gayya, kuma uba kan kama hannun ɗansa ya damƙa shi ga maƙeri ko magini ko maɗinki ya ce ga amana. Abin da ake buƙata yau shi ne a yi wannan da tsari.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ƙungiyar ci gaban gari, tare da mai unguwa da liman da shugaban makaranta, su bi gida-gida su rubuta sunan kowane yaro da yarinya da ba sa komai, da ajin da suka tsaya, da dalili. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ya kamata kowace makarantar gwamnati ta samu, shi ya fi dacewa ya riƙe wannan littafi.

Na biyu, a je inda suke. Saurayin da ya bar makaranta ba zai zo taron wa'azi a kan zaman banza ba. A filin ƙwallo ake samunsa, da gidan kallo, da teburin mai shayi. Mai horar da ƙwallon unguwa kan ji abin da uba bai taɓa ji ba, don haka yana cikin mutanen da ya kamata a fara jawowa.

Na uku, a haɗa kowane yaro da babba guda da zai riƙa bibiyarsa: ya san ya je wurin koyo ko bai je ba, ya sasanta shi da ubangidansa idan sun saɓa, ya yi magana da iyayensa. Wannan shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma shi ne abin da kuɗi ba ya saye.

Ina za a tura su?

Wanda bai daɗe da barin aji ba, a mayar da shi. Wanda ya girmi ajinsa, akwai azuzuwan Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Gari na iya neman a buɗe masa aji na yamma ko na dare a harabar firamare ko islamiyya. Ga 'ya'yan makiyaya akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa tun 1989, ga almajirai kuma an kafa hukumar tarayya ta musamman a 2023.

A ɓangaren sana'a, Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, tana da tsarin tura matasa wurin masu sana'a. Daga cikin cibiyoyin koyon sana'a da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa tsakanin 2011 da 2015, na kiwon kifi da na kiwon dabbobi suna Bagauda ne, a ƙasar Bebeji. Shirin Mafita, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ya gwada haɗa karatu da lissafi da zaman koyo a wurin gwanayen sana'a, har da almajirai a cikin waɗanda ya ɗauka. Darasin da ke ciki shi ne yaron da bai iya karanta awo ko rubuta bashi ba, ko ya iya aikin hannu, zai daɗe yana yaron wani.

Wace sana'a ta dace da yankin?

Wadda ke da kasuwa a kusa. Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Bako aka kammala a 1974, ta buɗe ƙofar noman rani da kamun kifi. Duk inda ake noman rani ana neman mai gyaran injin ban-ruwa. Inda ake noma shinkafa ana neman mai turara ta da mai injin casa. Ƙauyuka na cika da babura da wayoyi da fitilun sola, duk kuwa suna lalacewa. A rugage ana buƙatar masu tara madara da masu taimaka wa likitan dabbobi. Koya wa yara ashirin ɗinki a ƙauyen da teloli uku suka ishe shi ɓata lokaci ne.

Nan ne rabon kayan sana'a na rana ɗaya ke faɗuwa. A tara matasa, a koya musu abu na mako guda, a ba su keken ɗinki a ɗauki hoto. Wanda bai ƙware ba kuma yana jin yunwa, kasuwa zai kai keken. Haka nan duk tsarin da bai yi la'akari da damina ba zai watse da saukar ruwan fari. Gara a tsananta koyo da rani, a sassauta lokacin aikin gona.

'Yan mata fa?

Nasu tsarin sai da yardar iyaye, a wuri na kusa da gida, a hannun mata. Islamiyyar matan aure da gidan uwargida mai sana'a sun fi kowane ɗakin taro amfani. Idan kuɗin talla ne ke ciyar da gida, sai an nemo abin da zai maye gurbinsa kafin a ce ta ajiye faranti. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, an yi shi ne don riƙe 'yan mata a sakandare, kuma iyaye na da haƙƙin tambayar shugabar makaranta abin da ya iso gare su.

Ta yaya za a san ana cin nasara?

Ba da yawan waɗanda suka halarci bikin yaye ɗalibai ba. A buɗe littafin ƙidaya bayan wata shida, a sake buɗewa bayan shekara: nawa ne har yanzu ke zuwa aji, nawa ke wurin ubangidansu, nawa suka fara samun na kansu? Kuɗin tafiyar da aikin ba shi da yawa, domin gonar ƙungiya da adashi da gudummawar 'yan gari mazauna birni na iya biyan alawus ɗin malami da abincin rana na 'yan koyo. Unguwar da ke son farawa ba ta buƙatar ofis. Ta zaɓi yara goma, ta samo manya goma da za su amsa sunansu, ta sa ranar da za a zauna kowane wata a ji inda aka kwana.