Hasken Rana da Makarantun Andarai, Jega da Aliero

Makaranta a yankin Jega, Aliero da Maiyama tana neman makamashi ne don ɗebo ruwa, rage zafin aji, kunna fitilu da na'urori, sai kuma girki idan ta kwana ce. Daga firamaren Andarai har zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006, buƙatun ke nan, girmansu ne kawai ya bambanta. An saba biyansu da wutar Nefa, da janareta, da itace, kuma dukkansu sun yi tsada ko sun yi wuya a 'yan shekarun nan.

Wutar layi tana zuwa Kebbi daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta sauka a babbar tashar Birnin Kebbi, inda wani layin ya wuce har Yamai. Lokacin da gobara ta ci taransifomomin tashar a Satumban 2023, sassa masu yawa na Kebbi da Sakkwato da Zamfara sun shiga duhu a lokaci guda. Makarantun ƙauye da dama kuwa ko turken wuta bai kai gare su ba. Janareta ya riƙe wasu har zuwa 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Shugaban makarantar da ke tara kuɗin mai daga ɗan abin da iyaye ke bayarwa sai ya rufe janareta a sito.

Rana ce abin da yankin ke da shi a yalwace. A wannan sashe na Kebbi, kowane murabba'in mita na ƙasa yana samun ƙarfin rana da ya kai kimanin awa-kilowat 6 a yini, kusan ninki biyu na abin da Jamus ke samu, alhali Jamus na cikin ƙasashen da suka fi kowa shimfiɗa farantan sola. Farashin farantin a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ga makaranta akwai wata sa'a ta daban: lokacin karatu, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, shi ne lokacin da faranti ke ba da wuta sosai.

Ruwa ya kamata a fara da shi, domin famfon sola ba ya buƙatar batir. Da hantsi ya ɗaga, faranti ya ba da wuta, famfon da ke cikin burtsatse ya tura ruwa zuwa tankin da aka ɗora a kan ƙarfe, da rana ta yi sanyi ya tsaya da kansa. Tankin shi ne rumbu, abin da aka tara da rana shi ake amfani da shi da dare. Manoman rani na fadamun Gulbin Zamfara da masu albasar Aliero sun riga makarantu gane wannan, tun da fetur ya gagara. Manomi yakan ɗauko farantinsa a kan babur ko amalanke, ya jingine shi yana fuskantar rana, ya goge shi da tsumma, ya juya shi idan inuwa ta karkata, da yamma ya kwashe shi zuwa gida. Farantin yana daɗewa a hannunsa saboda yana da mai shi, kuma wannan ne abin da kayan makaranta suka fi rasawa.

Amfanin ruwa a makaranta ya wuce sha da alwala. Banɗakin da babu ruwa ba ya daɗewa kafin a ƙaurace masa, kuma 'yan matan da suka fara girma su ne suke fara zama a gida saboda haka. Shirin AGILE na ilimin 'ya'ya mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, ya sa Kebbi cikin jihohi 7 na farko, kuma yana tura kuɗin gyare-gyare ta hannun kwamitocin kula da makarantu. Kwamitin da ya sami irin wannan kuɗi ya fi dacewa ya sa famfo da tanki gaba da fentin bango.

Zafi ne matsala ta biyu, kuma rabin maganinsa ba ya neman wuta. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40. A ajin da aka rufa da kwano babu silin, da azahar ta gabato kwanon yana ƙara yana huci a kan yara, malami yana sharce gumi da hannun riga, na bayan aji sun kifa kai a kan benci. Fanka a irin wannan ɗaki iskar zafi kawai take juyawa. Francis Kere, ɗan Burkina Faso, ya gina firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin laka, ya yi rufin ciki da tubali, sannan ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa yadda iska ke ratsawa tsakani ta kwashe zafin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine. A ƙauyen Dandaji na Jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, suka gina sabon masallaci da matsattsen tubalin ƙasa. Maginan Hausa sun san sanyin soro mai kaurin bango tun kafin siminti ya zo, abin takaici ne a ce zanen aji guda ake ta maimaitawa daga Legas har Kebbi. Inda ginin ya riga ya tsaya, silin, da farin fenti a kan kwano, da tagogi masu fuskantar juna, da baranda a gefen da rana ke duka suna rage zafi fiye da kuɗin da suka ci.

Itatuwa suna cikin wannan lissafi. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya zama inuwar makarantun Arewa saboda yana jure fari kuma dabbobi ba su cika damunsa ba idan ya girma. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Dashe ba shi da wuya, raino ne aikin. Dashen da aka yi da biki a Agusta yakan ƙare a bakin akuya kafin Janairu, sai idan an kewaye shi da ƙaya ko tubali, an kuma ba wani aji amanar ba shi ruwa har damina ta dawo, abin da ba zai yiwu ba sai da famfo a harabar. Akwai kuma hanyar da ta fi dashe sauƙi, wadda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983, ake kiranta sassabin zamani. Maimakon a sare tohon kututturen kalgo ko sabara ko gawo, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka itacen yana tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gonar makaranta da gefen filin ƙwallo sun isa wurin koyar da wannan. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar itace inda inuwarsa za ta faɗa kan faranti, domin inuwar reshe guda tana iya rage wutar jerin farantai gaba ɗaya.

Lissafin wutar aji ba shi da sarƙaƙiya. Fanka 3 masu wat 70 da ƙwan fitila 4 masu wat 10 sun tashi wat 250. A awa 6 na karatu, awa-kilowat 1.5 ke nan, kusan daidai da abin da faranti ɗaya mai wat 400 ke bayarwa a yini bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya. Wato faranti ɗaya ga aji ɗaya. Ɗakin kwamfuta ya fi ci, amma zaɓin na'ura yana canza komai: kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin kimanin wat 50 kuma tana da batirinta, ta tebur tana cin ninki biyu ko uku. Batun ya daina zama na ƙawa tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, WAEC ma ta fara da masu zana ta kansu a 2024. Ɗalibin Andarai da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci masa maki kafin ya karanta tambayar farko.

Inda tsarin ke mutuwa shi ne batir. Faranti yana iya kai shekara 25, amma batirin dalma shekara 2 zuwa 4 yake yi, kuma zafi yana cin ransa: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Batirin da aka kulle a sito mai rufin kwano babu taga, bazara biyu ta ishe shi. Na litiyam ya fi tsada a saye, amma yana iya kai shekara 10, kuma ba ya neman a riƙa ƙara masa ruwa. Makarantar jeka-ka-dawo za ta iya wadatuwa da ƙaramin batir, ta kwana ce ke buƙatar babba saboda karatun dare da fitilun ɗakunan kwana. Ƙura ita ma tana da nata rabon. A hunturu, kwana kaɗan sun isa fuskar faranti ta yi fari har a iya rubutu a kai da yatsa. Ana wanke shi ne da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ba da omo ko tsintsiya ba. A kafa shi yana fuskantar kudu, a karkace da digiri 12 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa gangarewa da datti.

Manyan makarantu sun sami kulawar gwamnatin tarayya. Hukumar samar da wuta a karkara ta ƙaddamar da tashar megawat 7.1 ta sola da batir da janareta a Jami'ar Bayero ta Kano a Satumban 2019, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato na cikin rukunin farko na wannan shiri na samar wa jami'o'i wuta. Firamare da sakandare ba su da irin wannan gata. Abin da suke samu yawanci kyauta ce ta ɗan siyasa ko ƙungiya, a kafa, a ɗauki hoto, ba a ware ko sisi na gyara ba. Matattun fitilun sola da ke tsaye a bakin titunan garuruwa shaida ce ta inda wannan hanya ke ƙarewa. Mafita ita ce a danƙa kayan ga kwamitin makaranta a rubuce, a naɗa malami guda mai riƙe makulli da littafin lissafi, a kuma buɗe asusun batir tun ranar farko. Farantan suna ba da wuta a ranakun hutu ma, kusan wata 3 a shekara ban da ƙarshen mako, kuma cajin waya da sayar da ruwa ga unguwa a kan ɗan kuɗi kaɗan suna iya cika asusun. Masu gyara kuwa, jami'ar Aliero da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi suna yaye ɗaliban lantarki da ya kamata a riƙa turo su makarantun yankin lokacin koyon aiki.

Madafar makarantar kwana ita ce ta fi kowane sashe cin makamashi, kuma ita aka fi mantawa. Ƙatuwar tukunya a kan duwatsu uku, masu dafa abinci suna tura gungume, hayaƙi ya mayar da bango baƙi ƙirin, idanunsu na zubar da ruwa. Irin wannan murhu kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen kawai yake kai wa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ginannen murhu mai rungume tukunya, mai bututun fitar da hayaƙi, yana rage itace da kusan rabi, kuma magini na gari zai iya yinsa da tubali da laka. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Ɗanfodiyo tun 1982, ta daɗe tana ƙera ingantattun murahu da na'urorin busar da amfanin gona da rana. Kebbi tana da wani makamashin da ake zubarwa: ɓuntun shinkafa, wanda ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, yana jibge a bayan injinan casa yana cin wuta a banza, alhali ana iya matse shi ya zama curi mai ci kamar itace. Gas na kashin shanu ma yana yiwuwa inda akwai garke da ruwa kullum, kuma abin da ya rage taki ne mai kyau. Gidajen yarin Ruwanda sun rage itace da kusan rabi ta hanyar gas daga masai, amma a nan sai an zauna da malaman addini da iyaye kafin a kai wannan kusa da tukunya.

Makarantun allo suna da nasu kason. Almajirai sun saba tara kara da yayi su hura wuta su kewaye ta da alluna, hayaƙi a ido, haske yana rawa a kan rubutu. Ƙaramin faranti da ƙwai biyu ko uku sun isa haska zaure na awa 4, karan kuma ya koma abincin dabbobi da darni.

Saura mataccen batir. Dalmar da ke cikinsa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma yankin ya san ɓarnarta: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda ƙurar dalma daga dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Bai halatta a fasa batir a harabar makaranta ba, ko a zubar da ruwansa kusa da rijiya, ko a bar yara su narka dalmarsa. A ajiye shi a tsaye, a rufe, nesa da ajujuwa, kuma tun wajen ciniki a rubuta cewa dillalin da ya kawo sabo shi zai tafi da tsohon.