Na haɗa na'urar "raya ruwa" da hannuna, ga abin da na gani

Idan kana yawan leƙa YouTube ko TikTok, wataƙila ka ci karo da ita: mazurari, bututu da aka nannaɗe da wayar tagulla, sai maganaɗisu a gefe. Ana zuba ruwa ya yi juyi ya fita ta ƙasa, mai bidiyon ya ce ruwan ya tsaru, ya samu kuzari, ya manta wahalar da ya sha a cikin famfo. Waɗanda na gani daga Turai da Amurka suke, amma sun fara yawo a gurufan WhatsApp ɗinmu.

Batun juya ruwa ya samo asali ne daga Viktor Schauberger, wani ma'aikacin gandun daji ɗan Ostiriya da ya rasu a 1958. Shi kuwa zancen cewa ruwa na tuna abin da ya taɓa shi, wani masanin garkuwar jiki na Faransa, Jacques Benveniste, ya fito da shi. A 1988 mujallar Nature ta buga bincikensa, inda ya ce ya yi ta sirka wani sinadari da ruwa har babu ko ƙwayarsa ɗaya da ta rage, amma ruwan ya ci gaba da aiki a kan ƙwayoyin jini kamar sinadarin na nan. Editan mujallar, John Maddox, ya tafi ɗakin gwajin tare da Walter Stewart da James Randi, mai fallasa 'yan rufa-ido. Suka sa wa kwalaben lambobin sirri, suka rufe takardar lambobin a ambulan suka manna ta a silin. Da masu gwajin suka daina sanin wace kwalba ce wace, sai sakamakon ya ɓace.

Ni mai rubuta manhaja ne, don haka kalmar memori ce ta tsaya min a rai. Filasha tana ajiye hotonka ne saboda cajin lantarki na zama daram a cikin ƙananan ɗakunanta, ko an cire ta daga kwamfuta. Ruwa ba shi da irin wannan zaman. Ƙwayoyinsa suna kama juna su saki cikin kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. To a ina zai rubuta abin?

Duk da haka na haɗa tawa. Maganaɗisun daga tsohuwar sifika na ciro. Na auna ruwan da mitar TDS, wadda ke ƙiyasta gishirin da ya narke a ruwa, kafin ya bi ta ciki da bayan ya fito. Lambar ba ta motsa ba. Sai na kwaikwayi Randi: na rubuta 'yan layuka a Python suka hargitsa lambobin kofuna, ƙanwata ta jera su, abokaina suka ɗanɗana. Wanda ya rantse tun farko cewa ruwan na'urar ya fi laushi, canki-canka ya koma yi. Abu guda na yarda da shi: juyin na iya shigar da iska cikin ruwan da ya daɗe a jarka, ɗanɗanonsa ya ɗan sauya. Sheƙa shi tsakanin kofi biyu ma zai yi hakan, kyauta.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne masu cewa na'urar tana tsarkake ruwa. Ƙwayar cutar kwalara ba ruwanta da maganaɗisu, za ta bi ta mazurarin ta fito lafiya lau ta shiga cikin yaro. Kuma mitar TDS ma ba ta ganin ta.

Idan kana shakkar ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, tafasa shi, ko ka sa sinadarin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbarsa. Ruwan da ba shi da laka kuma ana iya zuba shi a gorar roba mai garau a shanya a tsakiyar rana awa 6, kwana 2 idan akwai hadari sosai. Mazurarin nawa dai Umma ta karɓe, da shi take ɗura man gyaɗa.