TAKARDUN MOTAR HAYA: ABIN DA YA WAJABA DIREBA YA SANI

Da yawa daga cikin motocin da ke ɗaukar fasinja da kaya a ƙasar nan ba na masu tuƙa su ba ne. Wata ta attajiri ce, ya ba direba bisa sharaɗin ya riƙa kawo balas kullum ko mako-mako. Wata kamfani ne ya ba da ita haya na shekara biyu ko uku. Wata kuwa an saye ta bashi ne ana biya kashi-kashi, ba ta zama ta mai tuƙi sai ran da ya cika kuɗin. Ko ta wace hanya mota ta zo hannun direba, abu ɗaya ne ba ya sakewa: idan jami'i ya ɗaga hannu a hanyar Kaduna, ko a Lakwaja, ko a bakin gadar Anaca, mai mota yana gida, direba ne zai amsa tambaya.

Takardun da ake tambaya

Na farko shi ne lasin tuƙi. Wannan na direba ne shi kaɗai, ba ruwan mai mota da shi. Lasin kuwa aji-aji ne. Wanda aka ba don ƙaramar motar gida bai isa a ja tirela da shi ba, ita tana da nata aji, watau G. Ƙa'idojin Zirga-zirgar Motoci na 2012 sun sa shekara 26 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai neman lasin motar haya, alhali na motar gida 18 ne. Yaron motar da maigidansa ya miƙa wa sitiyari da dare don ya rintsa, in ba shi da lasin da ya dace, to laifi ya hau kansa.

Sauran na mota ne: lasin mota, da takardar shaidar lafiyarta wadda jami'an duba motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, ke bayarwa, da inshora, da takardar shaidar mallaka, da izinin ɗaukar fasinja ko kaya. Motar fasinja mai tafiya gari zuwa gari dole ta riƙe takardar sunayen waɗanda ta ɗauka, domin in haɗari ya auku a san wanda za a sanar.

Inda motar haya ta kan sami matsala

Takardun nan ba rana ɗaya suke ƙarewa ba. Mai mota yana zaton direba zai sabunta su tun da a hannunsa suke, direba kuma yana zaton wannan nauyin mai dukiya ne. A tsakanin zaton nan biyu sai wa'adi ya wuce ba wanda ya lura. Maganin abin shi ne a rubuta cikin yarjejeniya, tun kafin a karɓi makulli, wane ne zai sabunta kowace takarda, da kuma wanda zai biya tara in an sami sakaci. Yarjejeniyar baka a gaban dattawan tasha tana da darajarta, amma ba a iya nuna ta a kan hanya.

Sa'an nan akwai maganar suna. Ba laifi ba ne sunan da ke takardun mota ya bambanta da na direba, gama haka motar haya take. Amma ɗan sandan da ke neman motar sata yana da dalilin tambaya. Direban da ke riƙe da kwafin yarjejeniyarsu, ko wasiƙar izini mai ɗauke da sa hannun mai mota da lambar wayarsa, zai wuce cikin mintoci kaɗan. Wanda ba shi da ita yana iya yini a caji ofis ana neman mai mota ta waya. Har wa yau ya kamata direba ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da aka rubuta a takarda. Sau da yawa akan canja inji a gareji, a manta da gyara takarda.

Abin da ya fi duka hatsari shi ne inshora. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna ko rauni. Daga 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa ta sa kuɗin wannan inshora Naira 15,000 a shekara ga motar gida, babbar motar dakon kaya kuwa Naira 100,000. Saboda wannan bambanci, waɗansu masu motoci sukan yanki inshorar motar gida, su sa mota a haya. Gane su ba wuya, domin rubutun lambar motar gida shuɗi ne, na motar haya ja. Tarar hanya ma ita ce ƙaramin abin. Ran da irin wannan mota ta buge mutum tana ɗauke da fasinja, kamfanin inshora yana iya ƙin biya, da hujjar ba don wannan aiki aka yi yarjejeniya ba, sai nauyin diyya ya dawo kan direba da mai mota.

Ga kuma takardun jabu, waɗanda 'yan kai-da-kawowa ke bugawa a bakin ofisoshin lasin. Direba yana iya karɓarsu da zuciya ɗaya daga hannun mai mota, amma a hannunsa za a kama su. Mai shakkar inshorarsa ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar motar, zai ga ko an yi mata rajista. 'Yan sanda sun tsananta binciken inshora a duk faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025.

Idan an kama

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma dokar 2007 ta fayyace ikonta. A jadawalin laifuffukan da aka tsara bisa wannan doka, laifin lasin tuƙi Naira 10,000 ne, na lasin mota Naira 3,000, rashin takardar sunayen fasinja Naira 10,000, tuƙi da takardun jabu kuwa Naira 20,000. Jami'i zai rubuta takardar tuhuma, a biya kuɗin a asusun gwamnati a karɓi rasit. Ba a miƙa wa jami'i kuɗi a hannu, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun karya doka. Wanda bai yarda ya yi laifi ba yana da ikon barin magana ta je kotu.

A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an VIO na Birnin Tarayya ba su da ikon tsare mota ko cin tara a kan hanya. Kada wani ya ɗauka wannan ya soke takardun. Hukuncin ya shafi wanda ke da ikon kamu ne, wajibcin riƙe takardu yana nan.

Ga direban motar haya, asarar da ta fi tara ciwo ita ce kwanakin da mota za ta yi a tsare, ba ta kawo ko kwabo, alhali balas ko kason wata yana jiransa. Wanda ya sayi mota bashi ya san cewa dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta ba shi kariya: in ya riga ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai mota ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Sai dai in biya uku ko fiye suka taru a kansa, mai mota yana iya ɗauke ta ya adana har kotu ta yanke hukunci. Don haka ya adana rasit na kowane biya, tare da na kowace takarda da ya sabunta da kuɗinsa, domin su ne shaidarsa a gaban alƙali.